Tsakanin Suma da Mutuwa: Shaidar Waɗanda Suka Kai Bakin Kabari Suka Dawo



Da wuya a sami gidan da ba a taɓa ba da irin wannan labari ba. Tsoho yana kwance, ciwo ya ci jikinsa, 'ya'ya da jikoki sun kewaye shi, sai a ga ya ɗaga ido ya ƙura wa bakin ƙofa, ya ce a shimfiɗa wa baƙi tabarma, ga mahaifiyarsa nan ta zo, ga yayansa wane, alhali kuwa waɗanda yake ambata sun shekara talatin ko arba'in a ƙarƙashin ƙasa. Kafin gari ya waye, rai ya yi halinsa. Akwai kuma labari na biyu, wanda bai kai na farko yawa ba. Mutum ya yanke jiki ya faɗi, numfashi ya ɗauke, har mata sun fara salati, ana shirin aika wa dangi, sai ya yi atishawa ya buɗe ido. Bayan ya dawo hayyacinsa ya ce ai ya je wani wuri, ya ga kaza da kaza, aka ce masa ya koma, kwanansa bai ƙare ba.

Tambayar da wannan lacca za ta bi diddiginta ita ce: shin waɗannan labarai za su iya tsayawa a matsayin hujja cewa akwai wata rayuwa bayan wannan? Ya kamata a faɗi matsayin laccar tun daga farko, don mai sauraro ya riƙa auna ta da shi. Mafi yawan masu ba da labaran nan ba ƙarya suke yi ba, kuma ba taɓin hankali ke gare su ba. Abin da suka gani ya cancanci a saurare shi da natsuwa. To, amma bai kai ƙarfin hujja ba, kuma babban dalilin haka yana nan kwance cikin harshen Hausa tun kafin likitoci su fara gardama a kai.

Bahaushe ya bambanta suma da mutuwa. Wanda ya suma, ana yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Idan abin ya daɗe har aka fid da rai, sa'an nan mutumin ya motsa, ba a cewa ya mutu ya dawo, sai a ce dogon suma ya yi. Watau da zarar ya tashi, sai harshe ya janye kalmar mutuwa daga kansa, ya ba abin wani suna. Gaba da wannan akwai gargara, ko magagin mutuwa, lokacin da rai ya zo maƙogwaro. Can ƙarshe kuma akwai kalmomin da ba a furta su sai an tabbata: ya cika, ya kwanta dama, ya koma gidan gaskiya. Ko Turawan da suka ƙago wa wannan fage suna ba su ce masa sanin mutuwa ba, abin da sunan yake nufi shi ne abin da aka gani kusa da mutuwa. Wanda ya kai ƙofar gari ya juyo, zai iya siffanta ganuwa da masu shiga da fita, amma ba shi ne za a tambaya farashin hatsi a kasuwar garin ba.

Labarin irin wannan tafiya tsoho ne ƙwarai. Aflatun, masanin falsafa na ƙasar Girka, ya rufe littafinsa na tsarin mulki da labarin wani mayaƙi mai suna Er, wanda aka kashe a fagen fama, ya farka a rana ta 12 bisa itacen da za a ƙone gawarsa, ya bayyana yadda ake yi wa rayuka hukunci. A Bagadaza kuma, Ibn Abid Dunya, wanda ya rasu a shekara ta 281 bayan Hijira, ya tara ruwayoyi a wani ɗan littafi game da waɗanda suka rayu bayan an ɗauka sun mutu. Abin da ya sake a wannan zamani shi ne yawan masu dawowa. A shekarar 1960 wasu masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka bayyana dabarar danna ƙirji don a ci gaba da tura jini bayan zuciya ta tsaya. Da wannan dabara, da na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki, sai asibitoci suka fara dawo da dubban mutanen da a dā sai dai a nemi likkafani. A shekarar 1975 wani likita Ba'amurke, Raymond Moody, ya buga littafin da sunansa ke nufin rayuwa bayan rayuwa, wanda ya gina bisa labaran mutane wajen 150. Shi ne ya jera siffofin da suka zama sanannu: natsuwa mai yawa, ganin kai daga sama kamar mutum ya fita daga gangar jikinsa, wucewa ta wani dogon rami mai duhu, haske mai ƙarfi wanda ba ya kashe ido, gamuwa da dangin da suka rasu, ganin dukan rayuwa tana wucewa, da isa wata iyaka inda ake cewa a koma.

Littafin Moody ya karɓu a kasuwa, amma a ma'aunin ilmi yana da rauni, domin waɗanda suka zo masa da labari su ya ji, bayan shekaru sun shuɗe, kuma babu hanyar sanin halin da jikinsu yake ciki a lokacin. Aikin da ya gyara wannan shi ne na wani likitan zuciya a ƙasar Holan, Pim van Lommel, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a watan Disamba na 2001. Shi da abokan aikinsa sun bi duk majinyacin da zuciyarsa ta tsaya aka farfaɗo da shi a asibitoci 10, mutum 344, suka tambaye su cikin 'yan kwanaki. Daga cikinsu 62, watau kashi 18 cikin ɗari, suka ce sun tuna wani abu irin wannan. Sauran 282 ba su tuna kome ba. Van Lommel ya kafa hujja da wannan rarrabuwa. A ganinsa, in da rashin iskar oksijin a ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke haddasa abin, ai da dukansu sun gani, tunda dukansu jini ya daina kai musu ƙwaƙwalwa. Magana ce mai nauyi. Sai dai a cikin binciken nasa an lura cewa waɗanda daɗewar aikin farfaɗo da su ta taɓa musu ƙarfin tuna abubuwa sun fi ƙarancin ba da labarin. Ke nan ba a san adadin waɗanda suka gani ba, adadin waɗanda suka tuna aka sani. Kowa yana mafarki da dare, amma ba kowa ke wayar gari da shi ba.

Duk wanda ya yi zurfi a wannan fage ya san cewa haske da natsuwa ba su ne ƙashin bayan gardamar ba, tunda babu mai iya leƙa zuciyar wani ya gaskata su. Ƙashin bayanta shi ne 'yan labaran da mutum ya dawo da sanin wani abu na zahiri wanda bai kamata ya sani ba. A nan ya kamata a dakata, a duba guda uku da suka fi shahara.

Na farko ya shafi gani a gadon mutuwa. A watan Janairu na 1924, a wani asibitin haihuwa a Landan, wata mata da ta haihu tana gargara sai ta ce tana ganin mahaifinta da ya rasu, can kuma ta ce da mamaki ga 'yar'uwarta tare da shi. Ashe 'yar'uwar ta rasu kusan mako uku kafin nan, an ɓoye mata saboda halin da take ciki. Likitar da ke kanta matar Sir William Barrett ce, wani masanin kimiyya, shi kuwa ya sa labarin a littafinsa da ya fito a 1926 bayan rasuwarsa. Labari ne mai sa tsikar jiki ta tashi. Amma 'yar'uwar nan ta daɗe tana fama da ciwo, kuma duk wanda ya taɓa zama gidan da ake ɓoye rasuwa ya san fuskoki da shiru suna tona abin da baki ya rufe. Bugu da ƙari, majinyacin da ya ce yana ganin wane cikin matattu, alhali wanen yana raye yana cin tuwonsa, ba a rubuta labarinsa a littafi. Wanda ya dace shi ake adanawa, wanda ya kuskure a manta da shi.

Na biyu yana cikin rahoton van Lommel kansa. Wani ma'aikacin jinya ya ce an kawo musu wani mutum ɗan shekara 44 a sume, ya cire masa haƙoran roba ya ajiye a aljihun keken magani. Bayan fiye da mako guda, mutumin ya gan shi ya gane shi, ya ce ai shi ne ya san inda haƙoransa suke, ya kuma siffanta ɗakin kamar wanda ya kalle shi daga sama. Ɗaliban da suka zauna gaban malaman hadisi za su gane matsalar nan take. Ruwaya ce ta mutum ɗaya, wadda aka rubuta bayan lokaci ya ja, kuma masu binciken ba su ji daga bakin mai haƙoran ba. Ba a ce ma'aikacin ya yi ƙarya ba, amma ba a kafa babban hukunci bisa irin wannan isnadi.

Na uku shi ne ya fi kowanne ƙarfi. A shekarar 1991 aka yi wa wata mawaƙiya Ba'amurkiya, Pam Reynolds, tiyata a birnin Finiks saboda kumburin jijiyar jini a ƙasan ƙwaƙwalwarta. Dabarar da aka yi amfani da ita abar tsoro ce. An sanyaya jikinta har ya sauka wajen digiri 16, aka tsayar da zuciyarta, aka zuƙe jinin da ke kanta, har na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa ta daina nuna kome. An manne idanunta, an toshe kunnuwanta da wasu 'yan na'urori masu ƙara. Duk da haka, daga baya ta siffanta zarton da aka yanka ƙoƙon kanta da shi, ta ce ya yi kama da buroshin goge haƙori mai lantarki, ta kuma ce ta ji muryar mace tana cewa jijiyoyinta sun yi ƙanana. An duba, aka tarar haka ne. Sau da yawa akan ba da labarin nan a ce ta ga waɗannan abubuwa ne a lokacin da ƙwaƙwalwarta ta mutu. Takardun asibiti ba su ce haka ba. Yankan ƙoƙon kai da maganar jijiyoyi duk sun faru ne tun kafin a fara sanyaya ta, tana cikin allurar barci kawai, zuciyarta tana bugawa. Likitocin sa barci kuwa sun san cewa jefi-jefi akan sami majinyacin da ke jin abin da ake faɗi a kansa. Sa'an nan likitan da ya rubuta labarin, Michael Sabom, bai yi hira da ita ba sai bayan shekara 3. Abin da ya faru gare ta yana da ban mamaki har yanzu, amma ba a iya nuna daidai mintin da ta ga hasken da ta ce ta gani.

Wannan batu na lokaci shi ne ƙullin da duk gardamar ta ɗaure a kai. Bayan zuciya ta tsaya, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 motsin lantarkin da ake aunawa a fatar kai yakan ɗauke. In har an tabbatar cewa mutum ya ga wani abu a tsakiyar wannan shiru, lalle ilmin ƙwaƙwalwa yana da tambayar amsawa. Amma wanda ya suma ba shi da agogo. Abin da ya tuna zai yiwu ya faru sa'ad da hankali ke gushewa, ko sa'ad da yake dawowa, ko kuma lokacin da ake danna masa ƙirji jini yana ɗan kaiwa sama.

Wani likita mai suna Sam Parnia ya yi niyyar warware ƙullin da dabara mai sauƙi. In gaskiya ne mutane suna tashi sama su kalli gangar jikinsu, to, a kafa kantoci kusa da rufin ɗaki, a ɗora hotuna a kansu suna fuskantar sama, yadda ba mai ganin su sai wanda yake can bisa. Aka yi haka a asibitoci 15 a Ingila da Amurka da Ostiriya, aka buga sakamakon a 2014. Mutum 2,060 ne zuciyarsu ta tsaya, 330 suka tsira, aka yi hira da 140, aka zurfafa da 101. Mutum 9 suka ba da labari mai siffofin da Moody ya jera. Mutum 2 kacal suka ce sun ga ko sun ji abin da ake yi a kansu. Ɗaya jikinsa bai bari an ci gaba da tambayarsa ba. Ɗayan, wani ɗan shekara 57 a garin Sawsamtan, ya siffanta ma'aikatan da ke kansa da muryar na'urar da ke cewa a girgiza shi, aka kuma tarar bayaninsa ya dace da takardun asibiti. Sai dai kash, su biyun duk a ɗakunan da babu kanta abin ya same su. Aka sake gwaji na biyu, wanda ya fito a 2023, da mutum 567. Guda 53 suka tsira, aka yi hira da 28, 11 suka ce sun tuna wani abu, amma babu ko ɗaya da ya faɗi hoton da aka nuna. Adadin ya yi kaɗan a ce an rushe da'awar. Haka nan kuma, bayan shekaru ana ɗana wannan tarko, bai kama kome ba. Wani abin da gwaji na biyu ya gano ma shi ne, a wasu majinyata, ƙwaƙwalwa takan nuna motsi irin na mai hankali ana cikin danna ƙirji, har bayan minti 35 zuwa 60. Watau shirun da ake zato cikakke ne, ashe ba kullum yake cika ba.

Masu nazarin ƙwaƙwalwa suna da nasu abin faɗi, kuma za a taƙaita shi. A 2002, a birnin Janiba, Olaf Blanke yana binciken wata mai farfaɗiya, ya taɓa wani gurbi a gefen dama na ƙwaƙwalwarta da ɗan lantarki, sai ta ce tana ganin kanta kwance a gado daga sama. Da ya ɗauke lantarkin, ta dawo. Matuƙa jiragen yaƙi da ake juyawa cikin na'urar horo har jini ya sauka daga kansu sukan ga ganinsu ya tsuke kamar mai leƙen rami, wasu su yi gajeren mafarki mai daɗi, su ga iyalinsu. A Jami'ar Mishigan, Jimo Borjigin ta nuna a 2013 cewa ƙwaƙwalwar ɓera takan yi wani irin yunƙuri mai ƙarfi cikin daƙiƙa 30 bayan zuciya ta tsaya, a 2023 kuma ta ga makamancin haka a mutum 2 daga cikin 4 da aka cire wa na'urar numfashi. Waɗannan mutane ba su farka ba, balle a ji ko sun ga wani abu. Saboda haka duk wanda ya ce kimiyya ta gama bayyana al'amarin, shi ma ya yi azarɓaɓi. Guntaye aka samu, ba a haɗa su sun zama riga ba tukuna.

Abin da ya fi waɗannan duka nauyi a ma'aunin wannan lacca shi ne cewa ba sai mutum ya kusa mutuwa yake ganin abin ba. Tun a 1892 wani masanin duwatsu ɗan ƙasar Suwizalan, Albert Heim, wanda shi kansa ya taɓa faɗowa daga dutse, ya buga labaran masu hawan duwatsu da suka faɗo suka tsira. Sun ba da labarin natsuwa, da saurin tunani, da ganin rayuwarsu tana wucewa, duk a cikin 'yan daƙiƙoƙin da suke iska, zuciya lafiya, ƙwaƙwalwa lafiya. A 1990 kuma wasu masana a Jami'ar Bajiniya suka duba takardun asibiti na mutum 58 masu irin wannan labari, suka tarar 28 ne kawai suka kusa mutuwa a zahiri, sauran 30 zato suka yi. Labaran ɓangarorin biyu sun yi kama ƙwarai, ko da yake na farkon sun fi yawan ambaton haske. Idan tsoron mutuwa kaɗai ya isa ya buɗe wannan ƙofa, da wuya a ce ƙofar lahira ce.

Ga mai nazarin harshe da al'ada, akwai wani gefen da ya fi jan hankali. A 1977 Karlis Osis da Erlendur Haraldsson suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa likitoci da ma'aikatan jinya a Amurka da Indiya game da abin da masu gargara suke cewa suna gani. Amurkawa sun fi ganin danginsu da suka rasu. Indiyawa sun fi ganin halittun addininsu, musamman manzannin Yama, wanda Hindu suka ɗauka shi ne sarkin mutuwa, kuma da dama daga cikinsu suna turjewa, ba sa son bin su. A 1986 Satwant Pasricha da Ian Stevenson suka duba labarai 16 na Indiyawan da suka yi dogon suma. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne, manzanni sun zo sun tafi da mutum gaban mai riƙe da littafin ayyuka, aka buɗe, aka ga an yi kuskuren suna, wani mai irin sunansa ake nema, aka ce a mayar da shi. Ma'aikatan gwamnati da ke wannan zaure za su ga kamar sun san wannan ofis. Dogon ramin nan mai duhu da ya cika labaran Turawa kuwa, da wuya a same shi a nan.

Masu goyon baya sukan amsa cewa abu ɗaya aka gani, kowa ya fassara shi da harshensa. Amsar tana da ma'ana, amma tana da tsada. In an yarda cewa mutum yana tufatar da abin da ya gani da rigar garinsu, to, ta yaya za a san inda riga ta ƙare jiki ya fara? Bahaushe ma yana da rigar da zai sa wa irin wannan gani. A tsohuwar al'adarsa akwai kurwa, wadda aka ce takan bar jiki ta yi yawo sa'ad da mutum yake barci, har ake tsoron maye ya kama ta. Wanda ya tashi da wannan kalma a bakinsa, in ya ga kansa daga sama, ba zai rasa sunan da zai ba abin ba, kuma sunan zai shiga cikin yadda zai tuna shi. Ɗalibin da ya ɗauki na'urar ɗaukar magana ya zauna da tsofaffin mata masu jinya da masu wankan gawa, ya rubuta abin da suka ji da ainihin kalmominsu, zai fito da kundi mai daraja, ko don sanin yadda Hausa take sarrafa rai da ruhi da kurwa da numfashi.

Saura a dubi mai imani, domin shi ne ya fi saurin murna da waɗannan labarai, kuma shi ne ya kamata ya fi yin hattara. A aƙidar Musulunci, wadda waƙoƙin wa'azi na Hausa suka daɗe suna koyarwa, lahira tana cikin gaibu, saninta ta hanyar wahayi yake zuwa. Kalmar barzahu kanta ma'anarta shamaki, kuma inda ta zo a Suratul Muminun tana magana ne a kan wanda ya roƙi a mayar da shi duniya aka ƙi. Hadisi ya sanya gargara ta zama iyakar karɓar tuba. Ke nan wanda ya dawo, a wannan ma'auni ma, bai ƙetare ba. Wanda ya jingina imaninsa da rahoton asibiti ya ba da shi jingina ga rahoton da zai fito baɗi. Sa'an nan in ya karɓi shaidar Ba'amurken da ya ga haske, da wane dalili zai ƙi ta Ba'indiyen da ya ga manzannin Yama? Ba kuma dukan labaran ne masu daɗi ba. A 1992 Bruce Greyson da Nancy Evans Bush sun tara guda 50 na waɗanda suka ga duhu da kaɗaici da firgici, kuma ba a sami wata alama cewa mutanen kirki ne ke ganin haske, miyagu su ga duhu ba.

Marar imani shi ma labaran ba su cika juya shi ba. A 1988 A. J. Ayer, masanin falsafa na Ingila wanda ya shahara da musun samuwar Ubangiji, ya shaƙe da yankan kifi yana jinya a asibiti, zuciyarsa ta tsaya na wajen minti 4. Ya farfaɗo ya rubuta cewa ya ga wani jan haske mai tsanani. Ya amsa cewa abin ya ɗan sassauta yaƙininsa na cewa mutuwa ce ƙarshen kome, amma ya ce mafi kusa da hankali shi ne ƙwaƙwalwarsa ba ta daina aiki ba, kuma bai bar ra'ayinsa ba har ya mutu a shekarar da ta biyo.

In labaran ba su zama hujjar lahira ba, suna da aiki a gefen gadon majinyaci. Wani likita a birnin Bafalo na Amurka, Christopher Kerr, wanda ke kula da waɗanda ciwonsu ya wuce magani, ya riƙa tambayar majinyata kullum abin da suke gani. A rahotonsa na 2014, cikin mutum 59, kashi 88 cikin ɗari sun ce sun yi irin wannan mafarki ko gani ko da sau ɗaya. Yayin da ajali ke matsowa, ganin waɗanda suka rasu yakan ƙaru, kuma shi ne ya fi kwantar musu da hankali. Ya bambanta wannan da ruɗewar zazzaɓi, wadda ke zuwa da firgita da rashin sanin inda ake. Saboda haka tsohon da ya ce a shimfiɗa wa mahaifiyarsa tabarma ba ya bukatar a yi masa musu, ko a ɗura masa maganin barci don ya yi shiru. A bar shi ya faɗi abin da yake gani, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali kamar yadda aka saba. Haka wanda ya farfaɗo daga dogon suma, sau da yawa yakan ɓoye abin da ya gani shekara da shekaru don gudun a ce aljanu sun taɓa shi, alhali abin yana nan yana sake masa hali.

Akwai kuma darasin da ya shafi hukuma kai tsaye. A ƙasar da ake gaggauta jana'iza, inda sau da yawa babu likita kusa, bambanta dogon suma da mutuwa ba wasan kalmomi ba ne. Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda suka so a gaggauta shirya mamaci, sun keɓe wanda ya nutse a ruwa da makamantansa, irin wanda gini ya faɗa wa ko ya faɗi farat ɗaya, suka ce a jinkirta har sai an tabbata. Dabarar danna ƙirji kuwa, wadda ta haifar da duk wannan bincike, ba ta bukatar kome sai hannu biyu: a tsakiyar ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti guda, ba tsayawa har taimako ya iso. Ana iya koya wa ɗan sakandare, da ɗan sanda, da direban mota, a yini ɗaya.